Kafin Ki Riƙe Bolan

Sahura, bar silifas a gida,
ambireyaji ba ya son takalmi mai zamewa.
Ki karya kumallo. Ni da yunwa na je,
amalanke ɗaya ya zame mini biyu.

Malam Ma'azu ba ya faɗa,
sai dai ya ce "sannu-sannu"
yana taka nasa birkin.
Saurare shi.

Motar za ta mutu miki.
Tawa ta mutu bakin Kasuwar Dole, ran Alhamis,
ƴan kabu-kabu na danna oda,
mai tallan tabarmi na dariya.
Na sake murza makulli.

Duba madubi kafin hannu ya juya.
Duwatsun Birni ba sa motsi,
awaki ne ba su karanta kod ba.

Permi ba ya tsufa. Zai jira ki.