Tawul Ɗin da Ba a Jefa Ba

Ƙarƙashin gadar Obalende, bayan isha'i,
ruwa ya tsare mu a teburin shayin Sallau.
Motoci na gurnani a bisa kanmu,
kwata ta cika ta kawo, tana lasar ƙafar benci,
sai Jatau ɗan canji ya tono zance:
"Wace rana ce Guduma ya fi ba da kunya?"

Guduma! Akanni ɗan Mushin,
nauyin buhun shinkafa biyu har da ɗoriya,
wanda in zai fito fili a Surulere
'yan acaɓa kan jingine babur su nemi talabijin.

Tanimu mahauci, da ƙarnin Oko-Oba a faratansa,
ya ce, "Wannan ma abin musu ne? Ranar ɗan Ghana.
Turmi na biyu, ko gumi bai karya ba,
ya zube kamar san da aka datse wa agara.
Bashi na ci na zuba a kansa,
wata uku ina biyan faɗuwar wani ƙato."

"Kai kuɗinka kake wa zaman makoki," in ji Jatau.
"Faɗuwa ta maza ce, ƙasa ba ta ƙin kowa.
Ni ranar da ya ci ce ta ƙona min rai.
Turmi goma sha biyu yana rungumar mutum
kamar mai tarbar ɗan'uwa daga Makka.
Naushi bakwai, na ƙirga da yatsuna.
Alƙalai suka ɗaga hannunsa,
mu muka sunkuyar da kai."

Iya Risika mai burodi ta cusa baki,
Hausarta da gishirin Yarabanci:
ita dai ranar da ya fito da tumbi,
wando na neman gudu ya bar shi.
Aka kwashe da dariya, aka koma rantsuwa,
wani ya zaro waya zai kafa hujja,
hoton ya tsaya cak, hannun Guduma a sama,
bai sauka ba, bai koma ba.

Can ƙarshen benci Baba Na-Allah,
mai gadin shagon tayoyi,
da tsohon tawul da ba ya barin kafaɗarsa,
ya hura shayi, ya ce,
"Shekara tara ina riƙe masa bokiti.
Wanda kuke nema ba ya cikin lissafinku,
don a daren kun tafa har tafinku ya yi ja.

Turmi na takwas ya dawo kusurwa,
ido ɗaya a rufe, ɗayan yana kallon bayana.
Ya ce, Na-Allah, an fara ne?
Tawul na hannuna.
Jefawa kawai, ko yaro ya iya.
Amma mai shirya wasa ya yi min alkawari:
in ya kai na goma, kuɗin hayar shekara.
Na goge masa jini, na ce tashi, saura kaɗan.
Ya tashi. Bai taɓa yi min musu ba.
Ya kai goman.

Yanzu yana wani lungu a Ajegunle.
Kafin cokali ya isa bakinsa rabi ya zube.
Duk Juma'a nakan je in aske masa gemu,
wani lokaci ya gane ni,
wani lokaci ya tambaye ni ko an fara.
In wasa mafi muni kuke nema,
ba a tsakiyar fili aka yi shi ba.
A kusurwa aka yi, kuma ga mai shi zaune."

Ƙwan Sallau ya ƙone a kasko, ba wanda ya ce uffan.
Ruwa ya tsagaita.
Tanimu ya miƙa kuɗin shayi biyu,
tsohon ya ture ɗaya, ya biya nasa,
ya gyara tawul, ya tsallaka kwata.

Jatau ya yi gyaran murya,
"Amma dai ranar rungumar nan..."
Babu wanda ya amsa masa.