Sunan da ke Gefen Azurfa

Gyaran agogo na gada, a rumfar kasuwar Sankara,
amma agogo ya mutu tun da waya ta shiga aljihu.
Gilashin da nake maƙalawa a ido ya ƙi ritaya,
sai ya koma karanta lambobin mazan jiya.

Goma sha bakwai gare ni a gwangwanin alawa,
kowace a naɗe cikin tsumman atamfa.
Uku na ƙwato daga sikelin Barau ɗan gwangwan,
yana shirin auna su da murfin tukunya da kacar keke.
Ɗaya garma ce ta tono ta a gonar gyaɗa,
shanun suka wuce, yaron ya tsaya.

Na san su yadda makiyayi ke sanin garkensa.
Mai tsini shida, ta dajin Bama ce,
in ƙyallenta na nan, ja ne a tsakiya.
Ba ta da suna. Juya ta yadda ka so,
bayanta fayau, kamar allon da aka wanke.
Ta yaƙin basasa ba ta cika hannu ba,
nauyinta na wajen mai ita, in yana raye, in zai yi magana.
Ta jabu kuwa, sake ta a kan siminti:
azurfa kuka take yi, dalma tari.

Ran wata kasuwa, bayan la'asar,
Kuluwa mai daddawa ta kwance bakin zanenta.
"Ta kakana Jatau ce. Jikana zai shiga soja,
ina so ya ji abin da ke jikinta kafin ya tafi."

Ta yi baƙi ƙirin, tana warin kalwa.
Na bi ta da toka da lemon tsami, a hankali,
don gugar ƙarfi ita ke cinye tarihi.
Kan Bature mai gemu ya bayyana.
A baya ga doki, mahayi ba riga ba sirdi,
kofato a kan garkuwa, ƙoƙon kan mutum a ƙasa.
Na ce, wannan ta yaƙin Jamus ce, na farko,
ta girmi dogon da ya ratsa Ringim.

Sai na karkata ta, na bi gefe,
inda suke buga suna da ƙananan baƙaƙe.
Lamba. Muƙami. Sannan suna.
Ba Jatau ba.

Na cire gilashi, na goge, na mayar.
Nomau. Nomau Ringim.
Da wane baki zan gaya wa tsohuwa
abin da ta ɓoye shekara hamsin a ƙasan adudu,
tare da likkafaninta, na wani ne?
Na yi ta jujjuya ta kamar mai gasa masara.

"Faɗi mana."
Na faɗa.

Ta yi dariya har goro ya faɗo daga bakinta.
"Nomau ai wansa ne. Shi dagaci ya rubuta,
ga mata da tsohon ciki, ga gero bai isa girbi ba.
Da asuba Jatau ya yafa bargon wansa, ya shiga layi.
Aka kira Nomau, ya amsa.
Shekara uku yana amsawa.
Nomau kuwa, har ya koma ga Allah
bai taɓa jin ƙarar igwa ba."

Ta ƙulle abarta, ta ajiye mini daddawa uku, ladan ido.
Ban taya ba, ban ma fara ba.

Da dare na buɗe littafin da nake lissafa su,
na raba shafi biyu da bakin wuƙa da biro:
nan sunan da ke jiki,
nan sunan wanda ya je.
Sannan na zazzage goma sha bakwai ɗin a tabarma,
na ƙara wa fitila lagwani,
ina duban su ɗaya bayan ɗaya,
waɗanda jiya zan iya rantsuwa na sani.