Rana Uku Ƙarƙashin Gado

Ran Litinin na saye su, faranti uku,
baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli kamar bayan tarwaɗa.
Kuɗin adashe ne, da ribar zoɓon shekara biyu.
Yaro ya turo su a amalanke har Bagalam,
ina biye ina cewa: sannu dai, gilashi ne.

Kuran ne ya kai ni.
Ya zo da asuba, ya gudu kafin hantsi,
ƙanƙarata ta koma ruwa cikin leda,
firigo ya zama ma'ajin tukwane.

Tsahiru mai haɗa waya ya ɗaga kai ya dubi rufin,
ya ce: Inna Zaliya, ba na hawa sai da takarda.
Na yi wa wani gaggawa bara,
iskar farkon damina ta kwashe faranti har da kwano,
ta sauke su kan awakin mutane.

Sai meri.
Benci, zufa, fanka a tsaye kamar an yi mata rasuwa.
Na ce wa mai biro: rana ce fa!
Tun ba a kafa Maradi ba take zuba a kanmu,
wa ya taɓa buga mata hatimi?
Bai ko ɗago ba.
Ya ce: rana ba ruwanmu da ita,
abin da za ki ɗora bisa kan mutane muke tambaya.
Nauyinsa nawa? Wa zai ɗaure?
Taki nawa tsakaninsa da wayar titi?
Ina takardar gida?

Takardar gida na cikin gwangwanin madara,
da sunan Baba a kai,
shi kuwa ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa.
Kwana tara na yi kafin ta koyi sunana,
kabu-kabu ya ci jika huɗu.

Saura sa hannun maƙwabci, don katangarmu ɗaya.
Nomau.
Shekara huɗu ba ma gaisawa
a kan indararon da ke zuba a zaurensa.
Na cika kwano da zoɓo mai ɗumi, na yi sallama.
Ya karanta, ya juya, ya sake karantawa,
ya dangwala yatsa, ya ce:
in ta kama, zan riƙa aiko da salulata.
Ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Ran Alhamis aka turo mai dubawa.
Na zaci tsoho, sai ga yarinya, Rahamu,
sa'ar autata, da awo a kafaɗa.
Na shirya mata magana tun dare,
har na ɗauro jika biyu a bakin zane.
Ba ta dubi hannuna ba, ta hau tsani,
ta danna alƙalami jikin azara,
ya nutse kamar cikin tuwon safe.
Gara.
Garin itace ya zubo a hankali
daidai kan tabarmar da jikana ke barci.

Maganar da na shirya ta koma ciki.

Yanzu kuɗin batir ya tafi ga ƙarfe da siminti,
magini ya ce bayan Salla.
Takardar ta fito, hatiminta shuɗi,
na ninke ta kan ta Baba.
Zoɓo ina sayarwa da ɗuminsa, masu saye na tsaki.

Faranti uku suna ƙarƙashin gado.
In dare ya yi, kuran ya tafi yawonsa,
sai in jawo ɗaya, in share da bakin zane,
in haska fitila, in ga fuskata.
Ta ƙetaren katanga Nomau ya yi tari,
ya ce: Zaliya, har yanzu?
Na ce: har yanzu.