Wane Wata Ya Fi?

Kafin asuba ta gama wanke fuska
ina tsaye bakin gada a Marathon,
na lashi yatsa, na ɗaga sama.
Odalys mai jirgi tana dariya:
"Ga rediyo, ga waya, kai sai yatsa?"
Na ce yatsan nan a Yawuri ya yi karatu,
wurin Baba Cindo, Basarke,
wanda bai taɓa ganin teku ba
amma yakan gane fushin ruwa tun ruwan na murmushi.

Janairu.
Kwana uku iskar arewa ba ta zauna ba,
teku ya yi furfura.
Baƙi sun sauko daga garuruwan ƙanƙara
da sababbin takalman agwagwa a jaka,
suna cewa ai nan ƙasar zafi ce.
Ƙasar zafi ce, ruwan ne bai ji labari ba.
Muka sa musu rigar roba mai kauri,
muka goya musu tulun iska,
a ƙasa kuwa ruwa ya koma kunun kanwa,
taku goma, ba ka ganin abokin nutsonka.
Wani dogo ya yi amai tun ba mu jefa anga ba,
ya ce a maido masa kuɗinsa.
Odalys ta nuna masa teku da haɓa: "Ga mai kuɗinka can."

Watan Mayu ba ya sallama.
Ka tashi kawai ka tarar ruwa ya kwanta
kamar an shimfiɗa shuɗin yadi an goge.
Daga kan jirgi kana ƙirga duwatsun ƙasa.
Na sauka taku sittin,
kunkuru ya wuce ni, bai ko gaishe ni ba,
wani ƙaton kifi mai leɓen raƙumi
ya dube ni kamar mai bina bashi.
Can babu Turanci, babu Hausa,
sai numfashina yana hawa sama a dunƙule.

Agusta, ruwan wankan jego.
Safiya lafiya lau,
azahar na yi hadari ya haɗo daga kudu,
tsawa ta ce kowa ya tattara.
Shekarar da zafi ya wuce gona da iri
na ga murjani ya yi fari fat,
unguwar da na sani da launi bakwai
ta koma ƙasusuwa.
Ashe ana kuka cikin gilashin nutso,
ba dai mai gani ba ne, gishiri ya tarar da gishiri.

Satumba kuwa da kunne ɗaya muke barci.
A nan guguwa suna gare ta kamar 'yar mutane,
ana bin sawunta a talabijin tun tana nesa.
Mun kai jirgi cikin itatuwan fadama,
igiya takwas, Odalys ta ƙara ta tara,
ta shafa gefensa, ba ta ce komai ba.
Bayan mako biyu muka koma ƙasa:
yashi ya yi ƙaura,
dutsen da nake kwatance da shi ya kwanta ta gefe,
amma kifin nan mai leɓe yana ƙofar raminsa,
bashinsa bai yafe ba.

Ɗazu wata ta bugo waya daga Ohayo,
tana so ta yanki tikiti:
"Wane wata ya fi?"
Na buɗe baki zan ce Mayu,
sai na ji Baba Cindo yana ɗinkin taru a bayana.
Shi cewa yake, ba a yi wa ruwa alkawari,
ba a kuma karɓar nasa.

Na ce mata, zo a Mayu,
amma ki zo da kwana biyu na haƙuri a jaka.

Na ajiye waya.
Tutar gada ta fara kaɗawa ta gabas.
Na lashi yatsa.