Mai Awo Ta Hau Sikeli

Shekara goma sha ɗaya ina awon dankali
a kasuwar Puno, bakin tafkin Titikaka.
Hannuna ya san kilo tun allura ba ta tsaya ba.
Yau ni aka ɗora.

"Cire malafar, Teodora," in ji nas Yolanda,
"cire mayafin, cire siket ɗin sama."
Na cire ɗaya, na cire biyu, ina dariya,
na ce ai nauyin duk na ulu ne.
Allurar ba ta taya ni dariya ba.
Tamanin da bakwai, ta tsaya cak
kamar jakin da ya hango rami.

Ba ciwo ya kawo ni ba.
Nilda ce, 'yata mai shekara biyar,
ta naɗe kabewa a bargo ta goya,
ta ce a yi shiru, ƙaninta yana barci.
Daren nan ni da Fermin ba wanda ya ce uffan,
amma na ji juyinsa har zakara ya yi cara.

Yolanda ta buɗe tsohon katina.
Takarda ba ta da mantuwa:
wata na takwas, ƙafafu kamar turame,
zobe ya nutse a yatsa sai da aka yanke shi,
jini ya hau, ina ganin taurari da rana tsaka.
Da wuƙa aka fiddo Nilda,
kilo biyu ba kaɗan,
bai kai abin da nake auna wa mai miyar dare ba.

Ni na manta.
Uwa takan manta, da ba haka ba da duniya ta watse.

"Ban ce kada ki haihu ba," in ji ta.
"Ki ba ni wata takwas da kilo goma.
Ciwon suga yana bakin ƙofarki yana sallama,
ba ki amsa ba tukuna."

Na fito ina ƙunƙuni.
Shekaruna talatin da shida,
wa zai ranta mini wata takwas?
Kakata tara ta haifa, ba ta taɓa taka sikeli ba.
Sai a cikin mota na ƙirga da yatsu:
tara ta haifa,
biyar suka raka ta kabari.
Huɗun ita ta raka su.

Na tuna mahaifina a kan tudu.
Ba ya maimaita dankali a gona ɗaya,
yakan bar ta saura, tumaki su yi kiwo,
ya ce ƙasar da ba ta huta ba
iri take cinyewa, ba ta biya.

Da aka tashi kasuwa
na auna kilo goma daidai, ba gyara,
na ɗaure a baya, na kama hawan unguwarmu.
A kwana ta uku na zauna ina haki.
Ashe wannan buhun zuciyata ke ɗauka
dare da rana, ba lada, ba sauke faralle.

Yanzu lemon kwalba ya zama baƙon Lahadi.
Casilda mai soyayyen kifi ta ce na yi girman kai.
Fermin ya ɓoye gishiri a aljihun kwat,
ya manta, aka wanke da shi.
Wani makon allura ta sauko,
wani makon ta ƙi, na yi kuka a bayan rumfa,
na ci burodi uku don haushi.

Kabewar Nilda ta ruɓe, mun zubar.
Jiya ta tambaye ni yaushe na gaskiyan zai zo.
Na ce sai an haƙe dankalin bana,
sai Yolanda ta duba ta gyaɗa kai.

"In ba ta gyaɗa ba fa?"

Na gyara mata hula, sanyin tafki ya taso.
Na ce to, kina da uwa dai.
Riƙe hannuna, saura hawa biyu.