Ɗinkin Ƙwarya

Sau uku ina zuwa ofishin magajin gari.
Ran farko mai mabuɗi ya tafi jana'iza,
ran na biyu babu wuta,
ran na uku Mushe Ilu ya sauko da kundin daga kan kabad,
ashe gara ta riga ni karance rabinsa.

Ya lashi yatsa, ya bi layi:
"Ga shi nan. Barmo. An haife shi wajen shekara kaza."
Wajen!
Kamar ka tambayi hanyar rijiya, a nuna maka da leɓe.
Gurbin uba fari fat,
gurbin gari an ja sanda,
gurbin sana'a an rubuta, an kankare
har takardar ta huje.

To, Barmo sunan yanka ne,
ko sunan mashayar nan ta arewa da Dakwaro?
Wataƙila an ce masa "Wane ne kai?"
ya ji kamar "Daga ina?"
ya amsa, alƙalami ya kama,
mu kuma muka gada.

Takardun lanho uku na samu a adakar babana.
Ɗaya ta Tibiri.
Ɗaya ta Jiratawa, a nan kuma Baƙo suka ce da shi.
Daga nan shiru, damina bakwai,
ba shi a hannun mai gari, ba shi a hannun kumandan,
sai ga shi tsulum a Bagalam
da mata, da ɗa, da kuɗin kai uku.
"Sauran fa?" na ce.
Mushe ya rufe kundi:
"Ruwan da ya ci tsohon gari ya tafi da su.
Je ka tambayi gulbi."

Na je. Gulbi ya ƙafe,
yara na haƙar yashi a cikinsa.

Kawu Nomau ya ce bafatake ne,
jakai arba'in, goron Gwanja, bindiga a kafaɗa.
Kowace sallah jakan na ƙaruwa.
Gwaggo Tsahara, da haƙori ɗaya ya rage mata,
ta yi dariya har da tari:
"Jaki ɗaya ne, shi ma na aro.
Rufe ƙofa, zo nan."

Ta tura hannu ƙarƙashin gado
ta jawo ƙwarya, baƙa wuluk don tsufa,
tsaga ta ratsa ta daga baki har gindi,
an bi tsagar da zaren kaba,
ɗinki kan ɗinki, kamar sahun tururuwa.

"Gyartai ne," ta ce da raɗa,
sai ka ce mutumin na bakin zaure.
"Yana bin mashekari, yana bin kasuwa,
basilla a hula, buzu a baya.
Wasu sun ce cikin masu shanu ya tashi,
don in ya yi mafarki ba da Hausa yake magana ba.
Uwarmu ta kawo masa wannan ya ɗinke,
ya ɗinke, ta koma ta fasa wata.
Ƙwarya huɗu ta fasa kafin ya gane.
Bai taɓa kwana a ɗaki ba, ko da sanyi.
Wata asuba ya ce zai je ya dawo."

Ban tambayi kabarinsa ba.
Na tuna babana da ya ƙare a kan babbar mota,
da ɗana Jari, mai kira daga lambar da ba ta zama,
da ni, mai shago a Sabon Gari,
da ƙafata ke ƙaiƙayi duk ran da hadari ya haɗo.

Na ƙirga ɗinkin: talatin da ɗaya,
na ƙarshe an ƙulle shi sau biyu.
Sa hannunsa ke nan, babu wani.

Gwaggo ta ɗauraye ta, ta dama fura a ciki.
Na riƙe da hannu biyu, ina duban gindinta.
"Sha mana," ta ce, "ba ta yoyo."