Dutsen Ojota

Ni ɗan gindin dutse ne,
a Kwatarkwashi aka binne cibiyata.
Tun ban iya ɗaure wando ba
na iya manna tafin ƙafa a jikin falale,
na san inda rema ke shan hantsi,
na san kogon da iska ke kwana.

Ranar da na sauka Legas na ɗaga kai,
na ce wa Barau, ina dutsenku?
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Ya ce, nan ruwa ne da gada,
ƙasa a kwance kamar tabarma.
Amma yi barci tukuna,
da asuba zan kai ka.

Da asuba ya miƙo mini ƙugiya da buhu,
da takalmin roba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.
Tun daga bakin titi hancina ya riga idona gani.
Can ga shi, baƙi wuluk, yana hayaƙi,
ya tokare sararin Ojota:
duk abin da birni ya ci ya rage,
duk abin da ya saya ya gaji da shi,
an tula, an tula, har ya yi ƙololuwa.

Na ce, Barau, wannan ai juji ne.
Ya ce, hau ka gani.

Na hau.
Dutsen gida ba ya lotsawa,
wannan kuwa ka taka ya nisa,
ɗumi na fita ta ƙarƙashin sawunka
kamar ka taka cikin saniya.
Kwalba na jiran diddige, waya na jiran ƙwauri.
Babu rema, babu bika,
sai balbela fara fat, ko ɗigo babu a rigarta,
tana bin motar shara
yadda take bin garke a fadamarmu.

Numfashi dai numfashi ne.
Cinya ta yi zafin da na sani,
gumi ya bi hanyar da ya saba.
A rabin tudu na tsinci kalanda ta shekarar da ta wuce,
da hoton wani tsauni mai farin rawani na ƙanƙara.
Na karkaɗe, na naɗe, na sa a aljihu.
Barau ya ce, takarda ba ta da nauyi a sikeli.
Na ce, na sani.

A can bisa iska ta canza.
Ga hanyar Ibadan ta cika ta batse,
danfo rawaya jere kamar zangarniyar masara,
jirgi na sunkuyowa zai sauka Ikeja
har ina ganin ƙafafunsa.
Mutum miliyan nawa ne a ƙasa,
kowa na sauri,
ba wanda ya san daga kan ragowarsa
wani na kallon ƙeyarsa.

Azahar ta same mu a can.
A gida sai ka share tsakuwa ka kabbara,
nan sai da muka sauko neman ruwa,
muka shimfiɗa kwali a bayan rumfar Iya Sikira,
ita kuwa ta rage rediyo har muka sallame.

Shekara huɗu ke nan.
Na gida yana nan yadda kakana ya bar shi,
ko taƙi bai ƙaru ba.
Wannan kullum sai ya ɗara jiya,
hanyar da na bi da safe
da yamma an binne ta.

Jiya Inna ta kira, murya na yankewa:
Nomau, wai a ina kake aikin nan?
Na dubi ƙugiya, na dubi balbela.
Na ce, a kan dutse, Inna.
Ta ce, Alhamdu lillahi,
ka dai riƙa duba inda za ka sa ƙafa.